Hannun Hagu da Jan Biron Baba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likitar hannu ta ce in sayi littafi in riƙa rubutu da hagu kullum, ko da layi uku ne. To ga layi ukun. Minti ashirin na kwashe a kansu, kuma kai ka ce tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi ta kan takarda.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Kowa ya fita cin abinci, ni kaɗai ce a ofis. Bari in faɗa wa littafin nan, tunda ba shi da bakin kai gulma.

Hannuna na dama ya daina rubutu. Rubutu kaɗai fa. Yana zura zare a allura, yana yanka albasa, yana murɗa mukulli. Amma ina ɗora biro a kan takarda sai manunin yatsana ya ƙage, wuyan hannu ya lanƙwashe ciki, sai kuma rawa ta taso, hannu ya yi ta kaɗawa kamar ba a jikina yake ba. In na ajiye biron sai ya yi lamo. Munafuki kawai.

Shekara goma sha tara ina rubuta takardun shaidar haihuwa a teburin nan. Mutane kan bar layin da ba kowa su tsaya a nawa, wai a ba matar nan mai kyan rubutu. Yau sau uku ina ɓata sunan jariri ɗaya, uwarsa na tsaye a kaina tana jijjiga shi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Abin da likitar ta ce, kafin in manta. Ba shanyewar jiki ba ce, ba kuma karkarwar tsufa ba. Saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa yatsu ne ke cakuɗewa, a lokacin rubutu kawai. Ta ce, "Wasu ƙagewar kaɗai suke samu, wasu har da rawa. Ke kin haɗa biyun." Na ce, "Ai ni dama ba na yin abu rabi-rabi." Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Na tambaye ta yaushe zai warke. Sai ta hau gyara takardun gabanta. Ta ce akwai allurar da ake gwadawa, akwai biro mai kauri, akwai motsa yatsu, akwai hannun hagu. Ban ji kalmar warkewa a ciki ba.

Ta ce, "Wa kike da shi a gida, Malama?" Na ce mahaifina. Ta ce to in gaya masa. Na ce to.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ban gaya masa ba, kuma ta yaya ma? Baba ba ya ji. Shekara shida ke nan da kunnuwansa suka toshe gaba ɗaya, a shekarar da Mama ta rasu. Na'urar jin da Yaya ya saya masa tana cikin durowa, ya ce ba abin da take kawo masa sai ƙarar famfo. Baki kuwa lafiya lau, in yana magana har maƙwabta na ƙaruwa. Ni dai in ina son ce masa wani abu, sai na rubuta.

Muna da littafin hira. Kullum in na dawo daga aiki, mu ci abinci, in goge tebur, ya ɗauko littafin da tabarau da jan bironsa. In cika masa shafi biyu, wani lokaci uku: wanda ya zo ofis, sunan da aka sa wa wani jariri, faɗan mai kanti da direban motar shara. Ya karanta da ƙarfi, ya ba ni amsa, ya yi dariya, sannan ya bi da jan biro yana zagaye haruffan da ba su tsaya daidai ba, ya sa maki a ƙasa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare, ritaya ba ta raba shi da jan biro ba. Tara bisa goma ne mafi yawan abin da na taɓa samu, shi ma sau ɗaya. Ya ce goma ba ta ɗan Adam ba ce.

Muna kan littafi na talatin da biyu. Shi yake sa musu lamba a bango, yana jera su a saman kabad. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan, wannan awa ɗayar ita ce hirata ta yini, kuma ita ce tasa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na ɗauki littafin hira na shiga kicin da shi, wai ina duba tukunya. Na danne wuyan hannun dama da na hagu, na cije leɓe, na yi rabin shafi. Zafin har kafaɗa, kuma bakin biro ya huda takardar a wuri biyu.

Ya kai littafin kusa da hanci, ya janye, ya sake kaiwa. Ya ce, "Auta, sauri kike yi? Wa ke jiranki?" Na girgiza kai. Ya ce, "To me ya sa layin nan ke tafiya kamar maye?" Shida ya ba ni, ya ce na alfarma ne.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Layi huɗu na ba shi. Biyar bisa goma.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Hagu na koyo da sauri. Sati ɗaya kawai, har na fara haɗa haruffa ba tare da na ɗaga biro ba. Likita za ta yi mamaki. Ni ban yi ba, akwai dalili, amma ba yau zan rubuta shi ba.

Abin haushi, ina rubutu da hagu sai damar ta fara naɗe yatsu tana ɗan kaɗawa a kan cinyata, alhali ba wanda ya kira ta. Sai na zauna a kanta. A haka nake rubuta wannan, mace mai shekara arba'in da biyar, ƙofa a kulle, zaune a kan hannunta.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shugaba ya kira ni. Ya jera takardu bakwai da na ɓata a kan teburinsa, ya ce, "Malama, lafiya dai ko?" Na ce ciwon hannu ne. Ya dubi hannun, yana riƙe da jaka ko gezau, ya dube ni. Na ga bai yarda ba. Wa zai yarda? Ya ce in koma teburin hatimi kafin in ji sauƙi. Yanzu aikina in buga tambari in miƙa, in buga in miƙa.

Abokiyar aikina da muke kira Rediyo, saboda ba a kashe ta, ita aka ba teburina. Rubutunta kuwa Allah dai Ya kyauta, akwai yaran da za su girma ba su san ainihin sunansu ba. Ta ce, "'Yar uwa, tunani ne ya yi miki yawa. Kina zaune ke da tsoho kamar masu gadi. Ki riƙa fita kina shan iska." Da ta ga na sha mur sai ta ce, "Ko dai kin fara kurɓawa ne a ɓoye? Ki sammana." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na yamma

Na buɗe littafin hira na duba abin da na rubuta masa a kwana huɗun nan.

Na gaji. Ga magani. Ba labari. Na gaji.

Shi ke nan fa. Kowace kalma sai na yi kokawa da ita a kicin, gumi na karyo min. Yau ya karanta, ya ɗauki jan biro, ya cire marfin, ya daɗe yana kallon shafin, ya mayar da marfin. Bai sa maki ba. A shekara shida bai taɓa yin haka ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi sai da ya ba ni bakwai.

Ya ce, "To, a huta gajiya." Ya tashi da sandarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na yi kuskure na ce wa Rediyo hannun ya hana ni hira da Baba. Ta ce, "Kai! Ke kam da wahalar da kai. Ki rubuta masa a waya mana." Na ce an gwada tuntuni, hasken ke sa idonsa ruwa, minti ɗaya ba ya iya gani. Ta ce, "To ga kwamfuta ga firinta suna zaman banza. Ki buga masa da manyan haruffa, har ya fi rubutunki fita." Ta ga yadda na kalle ta, ta ce, "Na da fa nake nufi. Ai kin gane."

Na gane. Amma shawarar ta zauna min. Hannun ba ya musu da maɓallan kwamfuta, biro ne kaɗai abokin gabarsa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Wallahi da murna na dawo gida. Shafi uku na buga masa, manyan haruffa baƙaƙe, duk labarin kwana goman da na riƙe. Har da mutumin da ya zo yi wa 'yan biyunsa rajista ya manta wane ne babba. Na san zai yi dariya a nan. Na goge tebur, na ajiye masa su a kan littafin hira, na zauna ina jira.

Ya ɗaga takardar. Ya juya bayanta. Ya shafa ta da babban yatsa. Bai karanta ko layi ɗaya ba.

Ya ce, "Daga wane ofishi?"

Na nuna ƙirjina.

Ya ce, "Na sani. Tambaya nake, a wane fayil aka sa ni? Ina lambar takarda? Ina hatimi? Ai sai ki buga min hatimi a ƙasa, ki sa hannu a madadin 'yata." Muryarsa ta tashi, ba ya jin ƙarfinta, ni nake ji. "Shekara shida ban ji muryar kowa ba, Auta. Rubutunki ne muryarki. In kina fushi ina gani, in kina dariya ina gani, wutsiyar haruffanki ke tashi sama. Wannan kuma muryar wa ce?"

Ya ninke takardun biyu, ya daidaita gefensu kamar yadda yake yi wa takardun jarrabawa, ya turo min. Ya ce, "In aikin ya ishe ki, ki faɗa. Ba dole ba ne."

Biro na nan a gabana. Ban ɗauka ba. Na kwashe kwanuka.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Bai fito da littafin ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma wurin likita. Ta juya shafukan littafin nan ba tare da ta karanta ba, ta ce, "Ikon Allah, a sati biyu? Malama, anya ba bahaguwa aka haife ki ba?"

To, tunda ta faɗa, bari in rubuta.

Bahaguwa aka haife ni. A ajin Baba na fara makaranta, ina shekara biyar. Ya ce 'yar malami ba za ta riƙe fensir da hagu a gaban 'ya'yan mutane ba. Akwai rula ta katako mai bakin ƙarfe. Akwai kuma wata uku da na yi ina zaune a kan hannuna na hagu, a aji da gida, har sai da dama ta koya. Kuma ta koya, ta fi ta kowa. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai an ɗauko masa littafina ya gani. Ban taɓa riƙe shi da abin a raina ba, ko dai ban san na riƙe ba.

Na tambayi likita, "Wannan ne ya jawo?" Ta ce ba wanda zai iya rantse min da haka, kuma tana ganin masu ciwon da yawa waɗanda ba a taɓa canza musu hannu ba. Na ce, "Ki ce min a'a kawai." Ta ce, "Abin da na sani na faɗa miki."

Shi ya sa ba zan nuna masa ba. In ya ga dama na rawa zai tambaya. In ya ga hagu na rubutu ba sai ya tambaya ba. Tsoho mai shekara tamanin da ɗaya, ba ya jin komai sai abin da ke cikin kansa, in ƙara masa wannan ya zauna da shi yini guda shi kaɗai? Gara ya ce ni ce marar kirki.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na safe

Gara ya ce ni ce marar kirki. Na rubuta jiya, na sake rubutawa yau in ga ko zan yarda.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Muna cin abinci kamar baƙi biyu a tasha. In nuna gishiri, ya girgiza kai. In nuna agogo, ya haɗiye magani. Ban san gidan nan na da ƙara haka ba sai yanzu: firji, famfon banɗaki mai ɗiga, cokali a kan faranti. Duk ni kaɗai nake jin su.

Yau na dawo da wuri na ji magana a ɗakinsa. Na zaci baƙo ne. Na leƙa ta labule. Ya sauko da tsofaffin littattafan hira daga saman kabad, ban san yadda ya hau ba, yana zaune a bakin gado da na tara a hannu yana karantawa da ƙarfi. Labarin ranar da akuya ta shigo ofishinmu ta ci takardun mutum uku. Maganata ce, da muryarsa. Ya zo wurin dariya ya yi dariya, ya goge ido, ya ce, "Ja'ira." Sannan ya buɗe shafi na gaba.

Na koma kicin na buɗe famfo, alhali ba mai jina ko da na yi ihu.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Baba na da hanyar kiran waya. Ya danna lamba, ya ƙirga goma a bayyane, ya faɗi abin da zai faɗa, ya kashe. Ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, shi dai ya isar. Ina shanya a tsakar gida na ji yana ƙirgawa, Yaya yake kira.

"Takwas, tara, goma. Babba, ni ne. Ka zo ka ɗauke ni ranar Asabar. Ba faɗa muka yi ba, kada ka yi mata magana. Yarinyar nan ta yi iyakar yinta, shekara shida ba kwana shida ba ne. Ta gaji, kuma kunya ta hana ta faɗa. Ɗakin bayan nan naku ya ishe ni. Shi ke nan."

Rigarsa ce a hannuna, jiƙaƙƙiya. Na daɗe a tsaye har ruwan ya jiƙa min zane.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Yaya ya kira. Ya ce, "Auta, me ya haɗa ki da tsohon?" Na ce ba komai. Ya ce, "Ai dama na faɗa tun farko, aiki da jinya sun yi wa mutum ɗaya yawa. Ki bar shi ya zo, yara za su ɗebe masa kewa. Ke ma ki samu ki numfasa, ko Allah Ya kawo wani." Na ce, "Wani wa?" Ya ce, "Ke dai kin fiye zafin kai."

Na buɗe baki zan ce masa hannuna ne, sai na ji yana ce wa wani ya rufe masa ƙofar mota. Ya ce, "Kina cewa?" Na ce a gaida mutanen gida. In na faɗa masa ma, cewa zai yi ka gani ba, ita kanta mai neman mai kula da ita ce.

Bara Baba ya yi sati biyu a gidansu, awa huɗu daga nan. Na haɗa shi da sabon littafi. Da ya dawo na buɗe, layi uku ne a ciki, da rubutun matar Yaya. Abinci. Magani. A kwanta. Na yi kwana biyu ina zaginsu a raina. Yau na tuna abin da ni na rubuta masa sati biyu da suka wuce, ashe ban fi su ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Na rubuta masa wasiƙa da hagu, shafi huɗu, komai da komai. Na karanta. Rubutun 'yar aji uku ne, duk ya jingina baya, gefen hannuna ya bi ya shafe tawadar. Kallo ɗaya zai yi masa ya san da wane hannu aka yi. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa da ita, yana salla, ya ba ni baya. Na dawo na tura ta ƙarƙashin katifa.

Tawadar nan ba ta fita daga gefen hannuna, ko da sabulu da soso.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya haɗa kaya. Akwati ɗaya na tufafi, kwali ɗaya na littattafan hira, daga na ɗaya zuwa na talatin da ɗaya, ya ɗaure da igiya. Na talatin da biyu ya ajiye a kan teburin cin abinci, ya ɗora jan biro a kai.

Ya ce, "Wannan bai cika ba, sauran shafukan za su yi miki amfani. Biron ma ki riƙe. Can ba abin da zan gyara."

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na buga hatimi sau ɗari da wani abu. Rediyo ta tambaye ni me ya sami idona, na ce tawada ce.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yaya ya aiko saƙo da sassafe cewa ya taso, zai iso wajen goma. Ƙarfe tara Baba ya riga ya sa hularsa, yana zaune a teburin cin abinci, sanda tsakanin gwiwoyi, akwati da kwali a bakin ƙofa. Na kawo masa shayi. Ya ce, "Famfon banɗaki na ɗiga, na ga alamar ruwa. Ki kira mai gyara, kada ki bari." Sannan ya ce, "Ki yafe min in na yi miki nauyi."

Ban shirya komai ba, wallahi. Na ja kujera na zauna kusa da shi, ba a gabansa ba, na jawo littafin hira, na ɗauki biro da dama, a kan idonsa. Na ɗora a takarda.

Hannun bai ba ni kunya ba, ya yi abinsa gaba ɗaya. Yatsa ya ƙage, wuyan hannu ya naɗe, rawa ta taso har biron na ƙwanƙwasa tebur. Shi ba ya jin ƙarar, amma shayin da ke kofinsa na motsi. Na so in rubuta Baba. Harafin farko ya fita kamar an ja ƙaya a kan takarda, na biyu ya tsallake layi biyu. Ban daina ba. Na bar shi ya kalla.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Ajiye." Na kasa, yatsun sun kulle a kan biron. Sai ya sa hannuwansa biyu ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Biron na fita, hannun ya kwanta lamo a tafinsa. Ya juya shi, ya dudduba. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ɗaga yatsu, wata biyar da farawa. Ya ce, "Shi ne kicin?" Na gyaɗa kai. "Shi ne takardar ofis?" Na gyaɗa kai.

Can sai ya miƙo hannu ya kamo na hagu, wanda na ɓoye a ƙarƙashin tebur, ya juyo gefensa inda tawada ta kama. Ya ce, "Wannan na gani tun sati biyu. Na ce yarinyar nan rubutu take yi a ɗaki har yana ɓata mata hannu. Tana da wanda take rubuta wa, ni ne dai ba ta da abin ce min. Ban tsaya na lura da wane hannu ba ne. Malamin banza."

Ya riƙe hannun ya daɗe. Yatsansa na kan gaɓoɓin, daidai inda rula ke sauka. Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ban ji ba a shekara shida. Ya ce, "Na san wannan. Ni na kore shi daga aji." Ya ɗauki biron ya sa min a tsakanin yatsun hagu, ya gyara min riƙon, ya karkata littafin ta ɗaya ɓangaren. "Shekara arba'in yana tsaye a waje. Ce masa ya shigo."

Na rubuta: Ban gaji da kai ba. Hannun ne. Kada ka tafi.

Ya karanta da ƙarfi, kamar kullum, sai dai a kalmar ƙarshe muryar ta ƙi fita. Ya nuna hannun dama da haɓa, bai kalle ni ba, ya ce, "Ni ne?"

Na rubuta: A'a.

Likita ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce e ba. Ni na ce, kuma ba zan goge ba.

Ya ja hanci. Ya laluba ya ɗauko jan biro, ya cire marfin da haƙori. Ya zagaye harafi biyar, ya ja layi a ƙarƙashin inda tawada ta shafe. A ƙasa ya rubuta: Huɗu bisa goma. A sake gobe.

Muna nan zaune motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida, ya yi ta danna hon. Baba bai ji ba, ni kuma ban rubuta masa ba, sai da ya shanye shayinsa.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Shafi ɗaya da rabi, na zauna a kan dama na yi shi a gabansa. Ya yi dariya a labarin mai 'yan biyu. Huɗu da rabi.